Gawayin da ke riƙe wutar lantarki

Duk mai sola a gida ya san inda kuɗi ke zurarewa: batir. Bayan 'yan shekaru sai ya fara gajiya, sai an nemi sabo. Shi ya sa yau nake so mu yi magana a kan wata na'ura da ake kira sufakafasita.

Batir yana ajiye wuta ne ta hanyar sauyin sinadarai a cikinsa, kuma wannan sauyin ne ke cinye shi a hankali. Ita kuwa sufakafasita, ƙwayoyin caji ne kawai suke zuwa su lafe a jikin kabon, in an buƙace su su saki. Don haka tana cika cikin daƙiƙoƙi, ana kuma iya yi mata caji sau dubu ɗaruruwa.

To, ina matsalar? Ba ta ɗaukar wuta da yawa. In nauyinsu ɗaya, batirin litiyam ya ninka ta fiye da sau goma. Tunda a jikin kabon cajin ke zama, sai a ƙara masa wurin zama. Yawancin waɗanda ke kasuwa, da gawayin ɓawon kwakwa ake yin su, wanda aka sarrafa har ya cika da ƙananan ramuka.

Sai kuma girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓanɓaro shi da salatif a Jami'ar Mancesta a 2004, daga irin baƙin da ke cikin fensir. Sun samu kyautar Nobel a 2010. A lissafi, giram ɗaya nasa yana da faɗin murabba'in mita 2,630, wato ya haura kashi ɗaya cikin uku na filin ƙwallo. Amma shimfiɗun suna son mannewa da juna, sai faɗin ya ragu. Ɗaya daga cikin dabarun masu bincike ita ce cusa siraran bututun kabon a tsakani domin su raba su.

Kada wani ya ce muku ta kori batir. Taimaka masa take yi, ta ɗauke fizgar wuta ta farat ɗaya, kamar lokacin da famfon ruwa ke tashi, batirin ya ƙara kwana.

Ga abin da ya shafe mu: ana bincike kan yin irin wannan gawayi daga buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, waɗanda muke zubarwa ko mu ƙona. Ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai, ga batun furojet a ƙofar gida.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.