Ba Kullum Ne Gajiya Ba

Mu matan Gaya, in mun dawo daga kasuwar Malanbil ko Kamba tafin ƙafa na zugi, ko ya mutu kamar ba namu ba, sai mu ce gajiya ce. Alhali wani lokaci jijiyoyi ne suka taɓu.

Ciwon suga ne kan gaba, sai kuturta da ƙarancin bitamin B12. Magani ma na jawowa: Flagyl in an daɗe ana sha, da isoniazid na tarin fuka, wanda ake haɗawa da bitamin B6 don kariya.

Kar mu daina maganin tarin da kanmu. Mu kwashi kwalayen mu je likita, a auna suga. Ƙafar da ta mutu ba ta jin ƙaya ko garwashi, sai gyambo ya hana mu kasuwa, ya hana mu zubi.