Ƙofofi Huɗu na Rumbun Bayanai



Mas'alar da za mu warware yau, ko da yake ƙarama ce a zahiri, ta sha hana ɗalibai da ma'aikata barci, watau yadda mutum zai ƙayyade hanyar da zai bi ya sadu da rumbun bayanai na MySQL, wanda Michael Widenius da David Axmark suka fito da shi a 1995, ya koma hannun kamfanin Sun a 2008, sa'an nan Oracle ya gaje shi a 2010.

Wanda duk ya zauna gaban baƙin allo ya rubuta umurnin mysql, to, ya sani shi mai sallama ne kawai, bayanan suna hannun uwar garke, watau server, ƙofofin isa gare ta kuwa huɗu ne. Ta farko ita ce TCP, wadda take kamar zauren gida, na kusa da na nesa duk ta nan suke shiga, lambar mashigarta bisa al'ada 3306. Ta biyu SOCKET, ƙaramar ƙofa ce ta 'yan gida, wani fayil na musamman a kan Linux da danginta, ba mai binta sai wanda ke cikin na'ura ɗaya da uwar garken. Sauran biyun, PIPE da MEMORY, na Windows ne kaɗai.

Ga inda gizo ke saƙa. A kan Linux, idan mutum ya ambaci localhost, ko kuwa bai ambaci kowace na'ura ba, manhajar MySQL takan hukunta cewa SOCKET yake nufi, har ma ta yi watsi da lambar mashigar da ya bayar. Saboda haka wanda ya ajiye rumbunsa cikin Docker, ko ya shimfiɗa hanyar SSH zuwa wata na'ura mai nisa, sai ya ga kuskure mai lamba 2002, alhali kuwa rumbun lafiyarsa lau. Abin da ya fi wannan muni, in akwai wani rumbu a na'urarsa, yana iya faɗawa cikinsa bisa rashin sani, ya share abin da bai yi niyya ba.

Maganin kuwa shi ne bayyana niyya ƙarara. Bayan umurnin mysql, a sa gajeren layi biyu, a rubuta protocol, alamar daidai, sa'an nan TCP. Ko kuwa a sa 127.0.0.1 a gurbin localhost. Wanda yake son hukuncin ya ɗore, sai ya rubuta shi a fayil ɗin my.cnf, ƙarƙashin sashen client. Da an shiga kuma, kada a wadatu da zato: a rubuta status, nan take manhajar za ta faɗi ƙofar da aka biyo.

Nasiharmu ga matasan da aka danƙa wa amanar bayanan asibiti, ko makaranta, ko albashin ma'aikata, ita ce su tabbatar da rumbun da suka shiga tun kafin su taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa, domin haƙƙin jama'a ne ke wuyansu.

Nan za mu dasa aya. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani.