Sholay: fim ɗin da masu sharhi suka binne, 'yan kallo suka tono

Da labarin rasuwar jarumin Indiya Dharmendra ya iso Gadarif a ƙarshen Nuwamban 2025, wani dattijo a wurin mai shayin unguwarmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kano, cewa ya yi Sarkin Ƙarfi ya tafi. Laƙabin da 'yan kallon silima a ƙasar Hausa suka sa masa ke nan. Nan take hira ta koma kan Sholay, kuma ba wanda ya yarda da ni da na ce sa'ad da fim ɗin ya fito, sunan faɗaɗɗe aka fara ba shi.

Ramesh Sippy ne ya ba da umarninsa, ya fito ranar 15 ga Agusta 1975. Wani tsohon ɗan sanda ne ya ɗauko ɓarayi biyu, Veeru da Jai, wato Dharmendra da Amitabh Bachchan, su kamo masa ɗan fashi Gabbar Singh wanda ya kashe iyalinsa ya kuma sare masa hannuwa biyu. A tsakiyar wannan jini aka zuba barkwanci: shugaban gidan yari mai gashin baki irin na Hitler, da Basanti mai keken doki da bakinta ba ya hutawa.

Masu sharhi da dama sun kushe shi. Sun ce kwaikwayon fina-finan kaboyi ne, zubar da jini ya yi yawa, ga tsawo fiye da awa 3. Makonni biyun farko kasuwa ba ta buɗe ba, har masu fim ɗin suka yi tunanin sake ɗaukar ƙarshensa don kada Jai ya mutu. Suka fasa. Daga mako na uku labari ya bi baki, kuma a silimar Minerva ta Bombay sai da ya haura shekara 5 ana nuna shi.

Zargin kwaikwayon ba ƙarya ba ne. Ƙashin bayan labarin yana kama da Seven Samurai na Japan (1954) da The Magnificent Seven na Amurka (1960). Mu da muka saba jin ana zargin Kannywood da wankiya mun san wannan tuhuma. To amma mai sharhi yana neman inda aka samo labari ne, shi kuwa ɗan kallo kunne ya kasa. Maganganun da Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, musamman na bakin Amjad Khan a matsayin Gabbar, su suka riƙe mutane, har aka buga su a faifai ana saye kamar waƙa. A ganina nan ne masu sharhi suka yi kuskure: sun auna fim da ido, alhali ƙarfinsa a baki yake. Ɗalibaina ma haka suke da fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa a Kano. Sai su manta labarin, amma kalaman mai fassara na bakinsu har a aji.

A bikin kyautar Filmfare na 1976, kyauta ɗaya tak Sholay ya samu, ta tace hoto. A 2005 ita dai Filmfare ɗin ta ayyana shi fim mafi kyau na shekara 50.

Akwai kuma hukunci na uku da 'yan kallo ba su sani ba a lokacin. A ainihin ƙarshen da Sippy ya ɗauka, tsohon ɗan sandan ne ya kashe Gabbar. Hukumar tace fina-finai, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta ƙi yarda, sai aka mayar da shi 'yan sanda sun zo sun kama shi. Wannan aka kalla a Bombay da Kano. An nuna gyararren fim ɗin da ƙarshensa na asali a birnin Bologna na Italiya a watan Yunin 2025. Da na gaya wa dattijon, sai ya ce shi dama tun can bai gamsu da zuwan 'yan sandan nan ba.