Inji da Moto: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya saba zama a bakin titin Kankia, inda manyan motocin da suka taso daga Kano kan tsaya kafin su miƙe zuwa Charanchi da Katsina, wasu har Jibiya da Maraɗi, ya san direbobi da yaran mota ba sa rabo da musu. Yau a kan DAF da Howo wace ta fi jan kaya, gobe a kan tsohuwar Marsandi da ta ƙi mutuwa. Akwai kuma musun inji da moto. Wani ya ce abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Wani ya ce ko kusa. Na biyun ne ke da gaskiya, kuma sanin bambancin yana rage wa mai mota asara. Moton da ake nufi a nan ba motar hawa ba ce, shi ne abin nan mai naɗin waya a ciki da ke juya fanka da famfon rijiyar burtsatse.

Inji da kansa yake samar da ƙarfinsa, ta hanyar ƙona mai. A cikinsa akwai ramuka da ake kira silinda, kowane da fistin mai hawa da sauka. Fistin ya sauka ya zuƙo iska, ya hau ya matse ta, mai ya kama da wuta ya turo shi ƙasa da ƙarfi, ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Wannan zagaye mai mataki huɗu shi ne wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, kuma har yau a kansa ake. Turin da wutar ke yi shi ke juya kiranshaf, juyin ya bi ta kuloci da giya ya isa taya.

Daga nan fetur da gas suka raba hanya. Injin fetur yana buƙatar filogi ya ba da tartsatsi. Injin gas, wanda ke cikin tirela da tifa da tanka, ba shi da irin wannan filogin. Yakan matse iska sosai, ya mayar da ita kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta, har ta yi zafin da idan nozul ya fesa gas sai ya kama da kansa. Rudolf Diesel ne ya fito da wanda ya yi aiki a 1897, a birnin Augsburg, a masana'antar da ta zama kamfanin MAN, wanda manyan motocinsa ke bin wannan titin namu. Tsananin matsin nan ne ya sa injin gas yake da nauyi da ƙara, kuma shi ya ba shi ƙarfin jan buhunan gero da siminti ba tare da ya yi gudu sosai ba.

Shi kuwa moto ba ya ƙona komai. Lantarki ake kawo masa, ya bi cikin naɗin wayar jan ƙarfe ya haifar da ƙarfin maganaɗisu, wannan ƙarfin ya juya sandar da ke tsakiya. Babu fistin, babu salansa, babu juyen baƙin mai. Michael Faraday na Ingila ne ya fara nuna cewa lantarki na iya juya abu a 1821, wato moto ma ya girmi injin mota. Amma idan aka yanke masa wuta, nan take ya tsaya.

Abin da masu musun kan manta shi ne kowace babbar mota tana ɗauke da duka biyun. Kik ɗin da ke tayar da inji moto ne. Da direba ya murɗa makulli, wani ɗan ƙaramin giya yakan zabura daga bakin kik ya shiga haƙoran babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, ya juya shi har inji ya kama, sannan ya koma da baya. Aikin na 'yan daƙiƙoƙi ne amma yana shan wuta ƙwarai, shi ya sa yawancin tireloli ke da batir biyu masu bolt 12 da aka haɗa suka ba da 24. Waifa ma moto ke kaɗa ta. Kafin 1912, lokacin da kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa kik a motocinsa, da hannu ake wana inji, kuma ba a rasa masu karyewa a hannu. Wanda ke son ganin yadda abin yake, ya leƙa wajen mai injin niƙa a Kusada ko Gidan Mutum Ɗaya. Zai ga ya ɗaga wani ɗan ƙarfe a kan injin don rage matsi, ya wana, ya wana, sai ya yi gudu ya saki ƙarfen, injin ya yi tari ya fitar da baƙin hayaƙi ya kama. Aikin da damtsensa ya yi, shi kik ke yi wa tirela.

Altaneto kuma kishiyar moto ce: inji ke juya ta da fambel, ita kuma ta haifi lantarki ta cika batir. Janareton gida ma haka yake, inji ne aka ɗaura masa irinta.

Ga inda aljihu ya shigo. Sau da yawa za ku ji yaron mota ya ce, "Oga, inji ya mutu," alhali inji lafiyarsa lau. Idan aka murɗa makulli aka ji ƙat kawai, ko ba a ji komai ba, a fara duba batir da kawunansa, sannan kik. Galibi wannan aikin mai gyaran waya ne. Idan kuwa kik na juya inji da kyau amma ya ƙi kamawa, to galibi matsalar tana wajen mai: ko gas ya ƙare, ko iska ta shiga layi, ko filta ta toshe, ko nozul. Nan ne ake kiran bakanike. Ƙaramar motar da ke tashi idan an tura ta ta riga ta faɗa muku cewa injinta ba shi da laifi. Inji ya buga kuwa, wannan babbar magana ce ta daban, yawanci daga rashin baƙin mai ko tafasar lagireto.

Masu cewa abu ɗaya ne suna da ɗan uzuri, don su kansu Turawan da suka ƙera abin suna cakuɗa sunayen biyu a bakinsu. Amma mai sayar da kayan gyara ba ya cakuɗa farashinsu.

Wajen tattali, moto ya yi wa inji nisa. Injin fetur ba ya mayar da fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ya sha zuwa tafiya, injin gas na babbar mota yakan kai wajen kashi 40 cikin 100, sauran duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Moto mai kyau yakan kai kashi 90. To me ya hana a cire inji daga tirela? Batir. Batirin da zai kai tirela mai kaya daga Legas zuwa Katsina nauyinsa zai cinye wani kaso na lodin, ga tsada, ga kuma halin da wutar lantarki ke ciki a ƙasar nan. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, haɗa su ya yi: injin gas na juya janareto, moto na juya ƙafafu. Motocin da ake mayarwa masu amfani da iskar gas tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, inji ne a cikinsu, abin ƙonawar kawai aka sauya, saboda haka juyen baƙin mai yana nan.

Direbobi, idan mota ta ƙi tashi, kada ku danne makulli fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda. Ku saki, ku ba kik minti ɗaya ko biyu ya huce, don ba a yi shi domin dogon aiki ba, kuma idan naɗinsa ya ƙone sai dai rewaya ko sabo.