Saƙon salula da shan maganin Sida: abin da aka gani a Kenya da Kamaru

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ya san yadda ranar kasuwa take cinye mutum. A fito tun da asuba, a yi lodi, a sha zaman jira a bakin iyaka, a yi ciniki har la'asar sakaliya, wata sa'a ma motar ta lalace a kwana a hanya. A irin wannan hali abincin rana ma mantawa ake yi da shi, balle ƙwayar magani. To amma a cikinmu akwai waɗanda ke ɗauke da ƙwayar cutar Sida, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya suka fi sani da ƙanjamau, kuma su mantuwar nan tana da tsada ƙwarai. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin wata dabara da likitoci suka gwada, wato aika wa mara lafiya ɗan gajeren saƙo ta wayar salula don ya riƙa shan maganinsa ba fashi.

Da farko ya kamata a gane dalilin da ya sa likitoci ke nacewa a kan shan maganin kullum. Maganin ba ya kawar da ƙwayar cutar daga jiki baki ɗaya, danne ta yake yi ya hana ta hayayyafa. Muddin yana cikin jini da ƙarfinsa, ƙwayar tana raguwa har ta kai awon asibiti ba ya ganinta, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya tsaya a kai ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya. Idan kuwa aka yi ta tsallake kwanaki, ƙarfin maganin sai ya ragu, ƙwayar ta samu sarari ta sake yaɗuwa, kuma a cikin sababbin akan samu waɗanda maganin ba ya jin su. Daga nan sai an sauya wa mutum wani magani, wanda galibi ya fi tsada ga hukuma, ya kuma fi wuyar samu a ƙananan asibitoci. Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce rak a rana, ya kuma fi na da juriya, amma wannan bai zama izinin wasa da shi ba.

Gwajin da ya fi suna an yi shi ne a ƙasar Kenya, da sunan WelTel. Daga shekarar 2007 zuwa 2008 aka ɗauki mutum 538 da suka fara shan magani a asibitoci uku, biyu a birnin Nairobi, ɗaya a karkarar Kajiado. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka bar su da kulawar da aka saba, ɗaya kashin kuma kowace Litinin da safe ma'aikatan jinya su aika musu da kalma guda cikin harshen Suwahili: "Mambo?" Ma'anarta kamar mu ce "Yaya dai?" Mara lafiya yana da kwana biyu ya mayar da amsa, ko dai "Sawa", wato lafiya lau, ko kuma "Shida", wato akwai matsala. Wanda ya ce da matsala, da wanda ya yi shiru, duka sai a buga musu waya a ji abin da ke faruwa.

Bayan shekara guda aka duba. A cikin masu samun saƙo, kashi 62 cikin 100 sun ce suna shan maganinsu yadda ya kamata, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 50 ne. Da yake baki yana iya faɗin abin da ba haka ba, an kuma auna jini: kashi 57 na masu samun saƙo ƙwayar cutar ta kwanta a jikinsu, su kuwa sauran kashi 48. Mujallar likitoci ta The Lancet ce ta buga sakamakon a shekarar 2010.

Mu dai abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda saƙon yake. Babu sunan cuta a ciki, babu sunan magani, babu na asibiti. Ko kishiya ce ta ɗauki wayar, ko yaron shago, gaisuwa kawai zai gani. Sannan kuma saƙon bai ce wa kowa "sha magani" ba. Tambaya ce, kuma akwai mutum mai rai da ke jiran amsarta. Wanda maganin ke sa masa jiri ko ƙuraje, wanda kuɗin mota ya gagare shi, wanda zuciyarsa ta karaya, duk za a ji labarinsu cikin mako guda, ba sai ranar da aka ba su ta komawa asibiti ta zo ta wuce ba. 'Yan kasuwa sun san wannan tun ba yau ba. Wanda ka ba kaya bashi, idan kana leƙa shi kowace ranar kasuwa kuna gaisawa, ba ɗaya yake da wanda ka bari sai ƙarshen shekara ba.

Wani gwajin da aka yi a Chulaimbo da ke yammacin Kenya, aka buga shi a 2011, ya ƙara fito da wani abin mamaki. Mutum 431 ne, kuma an sa musu maganin a kwalba mai murfi na musamman da ke lissafa duk lokacin da aka buɗe ta. Waɗanda ake aika wa saƙo sau ɗaya a mako, kashi 53 cikin 100 sun riƙe shan maganin da kyau tsawon mako 48, waɗanda ba a aika musu komai kuwa kashi 40. Amma masu samun saƙo kullum ba su fi waɗanda ba a aika musu ba. Ba abin mamaki ba ne idan muka tuna yadda muke yi da saƙonnin tallar kamfanonin waya, waɗanda muke gogewa ba tare da mun karanta ba.

Kada kuma a ɗauka duk inda aka gwada an ci nasara. A nan kusa da mu, a babban asibitin Yawunde na ƙasar Kamaru, an bi mutum 200 har wata shida, ana aika wa rabinsu saƙon ƙarfafa gwiwa kowane mako. Da aka fitar da sakamakon a 2012, ba a ga wani bambancin kirki tsakanin kashi biyun ba. A Indiya ma wani gwaji mai mutum sama da 600 da aka buga a 2014 bai nuna amfani ba. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saƙon salula cikin shawarwarinta tun 2013, a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin taimaka wa mai shan magani, tare da nasiha da sauran kulawa. A namu ganin, inda saƙon ya fi aiki shi ne inda ma'aikacin lafiya ke tsaye a bayansa.

To ina ɗan kasuwar bakin iyaka a cikin wannan? Matsalarsa ta farko ita ce layi. Da yawanmu muna da layi biyu ko uku, da an tsallaka iyaka sai a cire wannan a sa wancan, saƙon da aka aiko a na gida kuwa sai an dawo. Duk wanda asibitinsa ke da irin wannan tsari, ya dace ya ba su lambar da ba ya rabuwa da ita, ko ya ba su duka biyun, ya kuma sanar da su idan ya sauya. Ta biyu ita ce karatu. Wanda ba ya karanta boko yakan miƙa wa na kusa da shi wayar ya karanta masa, to a nan asiri ke tonuwa. Gara tun farko a yi yarjejeniya da ma'aikacin lafiya a kan kalma guda da za a gane ta da ido, ko kuma ya riƙa kira a wata rana da aka tsayar.

Inda babu tsarin kwata-kwata, kuma asibitoci da yawa ba su da shi, mutum zai iya haɗa nasa. A sa ƙararrawar waya a kan lokaci guda, a ɗaura shi da abin da ba a mantawa, kamar sallar isha'i. A samu amini ɗaya da ya san halin da ake ciki, ya riƙa aiko da "Yaya dai?" kowane mako, ya kuma neme ka idan ya ji shiru. Idan azumi ya gabato, a tambayi likita yadda za a mayar da lokacin shan zuwa dare ko sahur tun kafin a ga wata.

Sai dai saƙo ba ya amfanar wanda kwalbarsa ta ƙare. Ba mu manta da yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020 ba, ko rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, lokacin da manyan motoci suka yi jerin gwano makonni suna jira. Yanzu asibitoci da dama suna ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku, wasu har shida, a karɓa guda. Mai shirin doguwar tafiya ya nemi wannan kafin ya tashi, ya riƙe maganin a jikinsa maimakon cikin kayan da ke bisa mota, ya kuma tafi da katinsa mai ɗauke da sunan maganin, domin idan hanya ta rufe ya nuna shi a asibitin garin da ya tsinci kansa.