IDO BA MUDU BA NE: Awo Iri Uku Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Yau a wannan fili namu za mu tattauna a kan awo, abin da kike yi kullum tun daga kokon safe har tuwon dare. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai kimar ido kaɗai ba ta hana kuɗin cefane zurarewa. 'Yan mata 'yan makaranta, ku ma ku matso, darasin nan yana cikin littafinku na kimiyya.

Awo na farko shi ne na cika, wato yawan wurin da abu ya ci. Shi ne aikin mudu da tiya da gwangwanin madara da kwalba. Ma'auninsa na hukuma lita, kuma lita ɗaya mililita 1,000 ce. Na biyu awon nauyi, aikin sikeli ke nan. Ma'auninsa kilo, kilo ɗaya kuwa giram 1,000 ne. Tun a shekarun 1970 Nijeriya ta koma ga lita da kilo, amma har yau mudu ne sarkin kasuwar hatsi.

Matsalar mudu ita ce ba shi da girma ɗaya. Na wannan gari daban, na wancan daban. Wani an buga masa gindi ya shige ciki, wani an rage masa baki. To, ga dabara. Ki sami gorar ruwa wadda aka rubuta yawan abin da take ci a jikinta, ki riƙa cika ta kina juyewa a mudunki na gida har ya cika maƙil, ki ƙirga. Daga ranar kin san lita nawa mudunki yake ci. Duk hatsin da aka sayo miki, ki sake auna shi da naki kafin ki zuba a buhu.

Amma ko da mudu ya cika daidai, da sauran magana. Ki auna mudun wake mai kyau da mudun waken da ƙwari suka huda, ki ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. A ido duk mudu ne, a sikeli kuwa na biyun ya gaza, don rabin cikinsa iska ce. Haka garin da aka tankaɗe ya fi wanda aka danna cin wuri. Shi ya sa cincin ko kek yake yi miki kyau yau, gobe ya ƙi, alhali gwangwani ɗaya kika yi awo da shi. Masu gidan burodi da sikeli suke auna fulawa saboda wannan.

Nan ne awo na uku ya shigo, wato yadda abu ya danƙaru, wanda malaman kimiyya suke kira dansiti. Lissafinsa ba wuya: ki raba nauyin abu da yawan wurin da ya ci. Ruwa shi ne abin gwaji, don lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Litar man gyaɗa wajen giram 920 ce, ta kananzir wajen 800, ta madarar shanu wajen 1,030, ta zuma kuwa wajen 1,400. Abin da bai kai ruwa danƙaruwa ba zai taso sama, wanda ya fi shi zai nutse, in dai ba ya narkewa ko gauraya da ruwan.

Ga amfanin wannan sani a ɗakin girki.

Ƙwai: ki saka shi a kwanon ruwa. Sabo zai kwanta a ƙasa. Wanda ya kwana biyu zai tsaya da tsininsa. Wanda ya taso sama ya tsufa, don ruwan cikinsa ya ragu, iska ta maye gurbinsa. Kada ki fasa irin wannan kai tsaye cikin kwaɓinki.

Zuma: ki auna kwalbar lita ɗaya babu komai, ki cika ta ki sake aunawa, ki debe nauyin kwalbar. In abin da ya rage ya yi ƙasa da giram 1,400 sosai, an sirka da ruwa. Amma ki sani, sukarin da aka dafa ya yi kauri yana iya kai wannan nauyi, don haka sikeli ba ya kama mai irin wannan algus.

Gobara: wannan ya fi duka muhimmanci. In mai ya kama da wuta a kasko, kada ki kuskura ki watsa ruwa. Ruwan zai nutse ƙarƙashin man, ya tafasa nan take, ya yi feshi da mai mai ci da wuta a jikinki da ɗakin. Ki kashe risho ko gas, ki rufe kaskon da murfin ƙarfe, ki bar shi ya huce.

To, yaya za a auna abin da ba ya zuba a mudu, kamar dutsen guga ko awarwaro? Akwai wani masani Bagirke, Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana ba da labari cewa sarkin garin ya ba maƙeri zinariya ya ƙera masa kambi, daga baya ya yi zargin an sirka masa da azurfa. Arkimidis ya lura cewa duk abin da aka nutsar a ruwa yana ture ruwa daidai girmansa. Da aka gwada, kambin ya ture ruwa fiye da curin zinariya mai nauyinsa, asirin maƙeri ya tonu.

Ke ma za ki iya. Ki cika kofi maƙil, ki ajiye shi cikin faranti, ki nutsar da abin a hankali, sannan ki auna ruwan da ya zube da ɗan kofin maganin yara mai lambobi. Zinariya tsantsa mai girman mililita ɗaya giram 19 ce da ɗoriya, azurfa 10 da rabi, farin ƙarfen da ake rinawa kuwa bai kai ko rabin zinariya ba. Sai dai ɗan kunne da zobe sun yi ƙanƙanta ga awon gida, awarwaro mai rami a ciki kuma zai ruɗe ki. In za ki sayi gwal na kayan ɗiyarki, ki sa a auna shi a gabanki, a rubuta miki nauyinsa da karat ɗinsa a rasit.

'Yan makaranta, ga aikin gida: ku auna dankali ɗaya a sikeli, ku nutsar da shi ku auna ruwan da ya ture, ku raba, ku kai wa malamarku amsa. Uwargida kuma ki fara da mudunki yau ɗin nan. Sai mun sake saduwa, a gai da maigida da yara.