Daga Ailan Zuwa Indiya A Kan Keke: Makonnin Farko

Yawancinmu mun iya hawan keke, amma iyakar tafiyarmu daga gida zuwa makaranta ko kasuwa. To, akwai wata mace mai suna Dervla Murphy, mutuniyar garin Lismore a ƙasar Ailan, wadda ta nufi Indiya a kan keke ita kaɗai a shekarar 1963. Abin da nake so mu duba shi ne makonnin farko na tafiyar, gama a cikinsu ne shirinta ya gamu da abin da ba ta zata ba.

An haife ta a 1931. Ranar da ta cika shekara 10 aka ba ta kyautar keke da littafin taswirar duniya, sai ta ƙudura a ranta cewa wata rana za ta je Indiya da keke. Amma tana da shekara 14 ta bar makaranta domin jinyar mahaifiyarta, wadda ciwon gaɓoɓi ya hana ta tafiya. Shekara 16 tana wannan jinya. Sai da mahaifiyar ta rasu a 1962 ta sami halin tashi.

Shirin da ta yi abin lura ne. Keken maza ta ɗauka, mai ƙarfi, ta sa masa suna Roz. Sa'an nan ta sa aka cire masa giya, wato abin canja gudu. Mai karatu zai ce wannan wauta ce, ga duwatsu a gabanta. Amma duk wanda ya taɓa zama wurin mai gyaran keke ya san cewa abin da ya fi yawan ƙananan ƙarafa shi ya fi saurin lalacewa, kuma a ƙauyukan da za ta ratsa ba mai sayar da irinsu. A ganina wannan ita ce dabararta mafi kyau. Tayoyi kuwa ba ta ɗora wa kanta nauyinsu duka ba, ta aika da su gaba ta gidan waya zuwa wasu biranen da ke kan hanyarta. Ta kuma sa ƙaramar bindiga a aljihu.

A watan Janairu 1963 ta fara tuƙi daga Dunkirk, a bakin teku a arewacin Faransa. Wanda zai ratsa Asiya da keke tilas ya tashi da wuri, don kada zafin bazara ya riske shi a tsakiyar hanya. Sai dai hunturun wannan shekara ya wuce misali. A Ingila an yi fiye da shekara 200 ba a ga irinsa ba, har ruwan teku ya daskare a wasu gaɓoɓi. Mu da muke rawar ɗari in hunturu ya busa da asuba, da wuya mu gane irin wannan sanyi. Ruwan da ke bisa hanya yakan daskare ya zama kamar gilashi, taya ba ta da abin kamawa, yatsu kuma su sandare har mutum ya kasa riƙe birki.

Haka ta yi ta fama cikin Faransa. Da ta kai duwatsun Alps, jirgin ƙasa ta shiga ya tsallakar da ita zuwa Italiya. Ba ta ɓoye wannan ba a littafinta, kuma hakan ya sa na ƙara yarda da sauran labarinta.

Wahala mafi girma ta same ta a ƙasar da ake kira Yugoslabiya a lokacin. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, sai ta riƙa neman taimakon manyan motoci. Wata rana da dare motar da ta ɗauke ta ta zame ta bar hanya. Ta fita a ƙafa neman taimako a ƙauye, sai kyarketai masu yunwa suka auka mata cikin duhu. Bindigar nan ce ta cece ta. Da ƙanƙara ta soma narkewa kuma, koguna suka cika suka malale hanya, har ya zama dole ta ratsa ruwa mai sanyi tare da kekenta.

Daga nan ta bi ta Bulgeriya da Turkiyya, ta isa Tehran, babban birnin Iran, a watan Maris. Abin mamaki, a littafin da ta buga a 1965 mai suna Full Tilt, duk wannan fama na wata biyu da 'yan kai babi ɗaya kawai ta ba shi. Labarin kowace rana daga Tehran ya fara, inda hanya ta buɗe mata ta nufi Afganistan da Fakistan. Ta shiga Delhi a watan Yuli, bayan kamar wata 6 a hanya. Ta ci gaba da tafiye-tafiye da rubutu har tsufanta, ta rasu a 2022 tana da shekara 90.